Daga Garwa zuwa Njamena da allurar mai da ke tafiya a baibai

Shekaranjiya muka dawo daga Njamena a tsohuwar Hilux ɗin da ƙanena ya saya kwanan nan. Ranar tafiya mun cika tanki fal a Garwa ta Kamaru, amma allura tana kwance ƙasa da E. Muna wuce Figil sai ta fara ɗagowa. Mota na shan mai, allura na hawa!

A Marwa aka haɗa mu da wani dattijo mai gyaran wayar mota. Bai taɓa tanki ba tukuna. Wayar da ta fito daga kan tankin ya zare, ya ce a murɗa makulli, ya dangana ta da ƙarfen mota na daƙiƙa biyu kacal, don in ta daɗe geji na iya ƙonewa. Allura ta miƙe ta nufi F. Ya ce, "Alhaji, gejinku lafiya lau, ciwon yana cikin tanki."

Sai da ya cire kan batir, ya kori wani mai sigari daga rumfar, sannan aka sauke tanki. Abin da ke ciki ba shi da yawa: fulot mai yawo a saman mai, siririn hannun ƙarfe, da ɗan harshe mai goga wata faranti. Mai ya sauka, fulot ya bi shi, harshen ya matsa, ƙarfin wutar da ke isa geji ya sauya. Allura ba ta ganin mai, om take karantawa, wato ma'aunin yadda farantin ke tare wuta. Tsofaffin Toyota na son wajen om 3 in tanki ya cika, 110 in ya ƙare. Ya ɗora mita a kan namu: hannu a sama 180, a ƙasa 10. Fulot da farantin motar Turai ne wani ya yi wa dabara ya cusa, shi ya sa komai ya juye. Da mun bi allurar, da tana kan F mai zai yanke mana a dajin Waza.

Ya samo mana na Toyota na hannu, ya gwada shi a mita yana ɗaga hannun a hankali. In lamba ta yi tsalle a tsakiya, farantin ya cinye. Ya girgiza fulot ɗin a kunnensa, domin wanda ya huje yakan sha mai ya nutse, ya nuna E har abada. Ya kankare tsatsar wayar mas, wato wadda ke haɗe da ƙarfen mota, ya sa sabuwar roba a bakin. Duka sefa 12,000, ga shayi da gasasshen nama da ya hana mu biya. A Garwa wallahi da geji za a fara ce maka ka canja, ka yi asarar kuɗi a banza. Ya kuma gargaɗe mu kan zuwa-zuwa, wato man da ake sayarwa a bakin titi, ruwa da dattin ciki ne ke cin farantin.

Daga Mora zuwa Kusiri ramuka ne kawai, ga wani jami'i a shinge da ya jefo mana takardu ta taga ko sallama babu. Muka haye kogin Logon ta gadar Ngeli, allura na ƙasa da rabi kaɗan. Mai a Njamena ba araha, na dawowa kawai muka sha.