Hajjin Malcolm X da Batun Launin Fata

A watan Afrilun 1964 Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata na Amurka, ya sauka a Jidda domin sauke farali, bayan ya shafe shekara 12 yana wa'azi a Nation of Islam, wata ƙungiyar addini ta baƙaƙen Amurka, cewa farar fata shaiɗan ne tun daga halittarsa. Ba da rana tsaka ya ɗauki wannan aƙida ba, domin an ƙone gidansu a Lansing ta jihar Michigan a 1929, kuma a 1931 tarago ya bi ta kan mahaifinsa, mutuwar da iyalin suka yi imanin cewa akwai hannun 'yan wariyar launin fata a cikinta. Sai ga shi ya aiko da wasiƙa daga Makka yana cewa ya ci a akushi ɗaya, ya sha a kofi ɗaya, ya kwana a shimfiɗa ɗaya da mutane masu shuɗin ido da farar fata, bai ga raini a tare da su ba.

Masu wa'azi suna son wannan labari, kuma yawanci a nan suke dasa aya. Ni dai ina ganin sauran labarin ya fi amsa tambayar ko baƙi da fari za su iya fahimtar juna da gaske.

Aikin Hajji yana sauke kowa daga kan dokinsa na 'yan kwanaki. Wanda ya ɗaura harami ƙyalle biyu, ya sha ranar Arfa, ya durƙusa cikin duhun Muzdalifa yana tsintar tsakuwa, ya bi layin banɗaki a Mina bayan wanda bai san yarensa ba, dole ya ga mutum kafin ya ga fata, tun da gumi ɗaya ake yi, ƙishirwa ɗaya ake ji. To amma Malcolm ba gama-garin alhaji ba ne. Bayan an tsare shi a Jidda ana bincikar ingancin musuluncinsa, Abdurrahman Azzam, sakataren farko na Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, ya ba shi masaukinsa, daga baya kuma Yarima Faisal na Saudiyya ya mai da shi baƙon gwamnati. Ƙasar da ta karrama shi haka, shekara biyu kacal ke nan da ta haramta bauta, a 1962. Da ya zauna wata shida a Shara Mansur ta Makka cikin 'yan'uwanmu da ake kira Takari, waɗanda kakannin wasunsu suka taka daga ƙasar Hausa ta Chadi da Sudan, anya wasiƙar ba za ta ƙara shafi ba?

Abin da na lura da shi shi ne, fahimtar ba ta tafiya daidai a ɓangarorin biyu. Na ƙasa ya san na sama ciki da bai, domin abincinsa da lafiyarsa sun rataya ne a kan sanin lokacin da fuskar maigida ta sauya, shi kuwa na sama babu abin da ke tilasta masa ya san komai game da mai share masa tsakar gida. Kyakkyawar zuciya kaɗai ba ta cike wannan giɓi, sai an daɗe ana zama a matsayi ɗaya, inda kowa ke buƙatar ɗan'uwansa.

Malcolm kansa ya gane haka. Ya daina yi wa fararen fata kuɗin goro, amma ƙungiyar haɗin kan baƙaƙen Amurka da ya kafa a watan Yunin 1964 ba ta karɓar su a matsayin mambobi. Shawararsa ga masu gaskiya daga cikinsu ita ce su koma unguwanninsu su yi aikin a tsakanin danginsu, inda cutar take. An harbe shi a New York ranar 21 ga Fabrairu, 1965, wata goma bayan Hajjin, ƙungiyar ba ta ko cika shekara ba.