Kafin a wanke ruwan ƙasa, sai an san inda ya dosa

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mai haƙar rijiya ne. Ina ɗan shekara goma nake bin sa, aikina jawo gugan ƙasa daga rami. In an yi gaba huɗu ko biyar, sai ya damƙi ƙasar ya murza, ya sansana, wani lokaci har ya ɗora a harshe, sannan ya ce, "Saura ƙiris." Da wuya ya yi kure. In kuwa yasar tsohuwar rijiya ce, sai ya fara zura fitila da igiya; idan ta mutu, ranar ba mai sauka. Daga baya na je Zariya na karanci ilmin ƙasa da duwatsu, na dawo Kano na buɗe wannan ɗan kamfani namu, mu bakwai har da direba. Amma ainihin sana'ar a bakin rijiya na tsince ta.

Abin da muke yi shi ne binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa a filayen masana'antu, da rubuta rahoton tasirin aiki ga muhalli. Dokar wannan rahoto ta fito ne a 1992, shekara huɗu bayan an jibge gubar da aka kwaso daga Italiya a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu. Rahoton yakan je Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a baje shi kwana 21 na aiki don jama'a su gani su yi magana.

Mutane kan yi mamaki: wai tsaftace gurɓataccen ruwan ƙasa ma sai an yi mata bincike? Ai ita ta fi bukata.

Wani Alhaji ya sayi tsohuwar masana'antar jima a wajen Bompai. A bayanta akwai kududdufin da aka shekara da shekaru ana tura masa dagwalo, maƙwabta kuma sun fara ƙorafin rijiyoyinsu. Ya kira ni ya ce, "Injiniya, abin ba wuya. Ka haƙa min burtsatse biyu, a sa sumo a zuƙe ruwan, a sake shi a kwata." Na ce, "Alhaji, ita kwatar ina ta nufa?" Ya yi shiru. Ruwan wannan yanki rafin Getsi yake bi ya faɗa kogin Jakara, inda masu lambu ke ban ruwan latas da alayyafon da ni da shi za mu saya gobe. Ban da haka, in ka matsa wa ƙasa da zuƙa, rijiyoyin unguwa su za su fara ƙafewa. Sai ka fita daga ƙorafi ɗaya ka faɗa biyu.

Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima. Masana'anta kuwa da gishirin kuromiyam take aiki, shi kuma iri biyu ne a wurinmu. Akwai mai lamba uku, wanda ake jima da shi, yakan lafe a jikin ƙasa bai cika yawo ba. Akwai mai lamba shida, mugun ke nan: yana narkewa, yana bin ruwa duk inda ya je, kuma yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Wata ƙasar mai sinadarin manganis tana iya juya na farkon ya koma na biyun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyam a ruwan sha miligiram 0.05 a kowace lita. Abin da bai kai ƙwayar gero ba, balle ido ya gan shi. Nan hancin Baba ma ba zai yi aiki ba, harshe kuwa ban yarda yarana su gwada ba.

Don haka muka fara da rijiyoyin sa ido. Aƙalla uku ake bukata, a auna tsayin bakin kowace da zurfin ruwanta, daga nan ake gane gangaren da ruwan ke bi a ƙasa, wanda ba dole ne ya zo ɗaya da gangaren da ƙafa ke takawa ba. Mu rijiya shida muka haƙa. Ƙasar Kano a kan fā take zaune. Ruwa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, sauran kuma yana cikin tsagogin fān. Wanda bai sani ba sai ya huda gurɓataccen ɓangaren sama ya zarce ƙasa, bai liƙe gefen bututu da siminti ba, ya buɗe wa guba hanya da hannunsa zuwa ruwan da yake lafiya lau. Shi ya sa ranar liƙe bututu ba na aika kowa, da kaina nake tsayawa har simintin ya kama.

Ɗibar samfur ma da ladabinta. Ruwan da ya kwana a bututu ba shi ne ruwan ƙasa ba, sai an zuƙe kamar cikin rijiyar sau uku tukuna. Kowace kwalba da lambarta da lokacinta, a kula cike da ƙanƙara. Na gwajin mai lamba shida ba ma bari ya wuce awa 24 bai isa ɗakin gwaji ba. An taɓa kawo min kwalabe wai sababbi, na buɗe ɗaya na ji ƙamshin lemo. Na mai da wa mai su kayansa, ban sake sayen ko murfi a hannunsa ba. Kuma sai an ɗiba da rani an ɗiba da damina, don ruwan Agusta yakan ɗago abin da watan Maris ya ɓoye.

A nan muka saɓa da Alhaji. Ya ce akwai wanda zai ba shi rahoto cikin mako biyu a kan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗina. Na san irinsu. 'Yan kwafe ne, ofishinsu kwamfuta ɗaya, takalminsu bai taɓa taka laka ba. Na taɓa karanta rahoton wani fili a nan Kano, a shafi na arba'in da wani abu ana bayanin masunta da igiyar ruwan teku. An canza sunan gari a bango, an manta da ciki. Su suka ɓata mana kasuwa, har mai aikin gaskiya ya koma kamar mai tsawwalawa.

Alhaji ya tafi wurin mai arhar, bayan wata uku ya dawo, don an mai do masa da rahoton da tambayoyin da wanda ya rubuta shi ya kasa amsawa. Ya ce, "To Injiniya, wata nawa za a gama wankewar?" Na ba shi labarin Ogoni, yankin Jihar Ribas da man fetur ya gurɓata: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami sinadarin benzin, gubar da ke cikin man fetur, a rijiyoyin garin Ogale ya ninka iyakar da aka amince da ita fiye da sau 900, ya kuma ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Filinsa bai kama ƙafar wancan ba, amma ruwan ƙasa ba a yi masa gaggawa.

Tsarin da muka rubuta masa shi ne a kwashe lakar kududdufin tukuna, don ita ce uwar cutar. Sannan a riƙa zuƙa a hankali daga gefen da gubar ta dosa, a zuba wa ruwan gishirin ƙarfe ya mai da mai lamba shida mai lamba uku, a bar shi ya kwanta a tankuna, a gwada kafin a saki ko ɗigo. Mun zauna da mai unguwa da dattawa, muka nuna musu rijiyoyin da za a daina sha, Alhaji ya ɗauki nauyin tankar ruwa.

Saura maganar lakar. Ni ramin da aka shimfiɗa wa yumɓu da leda mai kauri na rubuta, shi kuma har yanzu yana lissafin kuɗin tifa. Ranar Talata za mu koma auna rijiya ta huɗu, ita ce ta fi kusa da gidajen mutane.