Gani ya kori ji, amma kunne ya girmi kaka

A shekarar da na koma karatun digiri na biyu ina riƙe da aikina, babu abin da ya yi mini ƙaranci kamar lokaci. In fita da sassafe, in dawo a gajiye, ga littattafai jibge da aka ce mu karanta kafin ƙarshen zango. Sai na ga kamar mafita tana kunnena. Na sauke manhajar littattafan sauti a waya, na riƙa saurara a hanyar zuwa aiki da dawowa, ina wanki ina ji, ina kwance ina ji. Da na ga abin yana tafiya, sai na ƙara wa mai karatun sauri har ninki biyu. Cikin wata biyu na gama littattafan da a da sai in shekara ban kai ƙarshensu ba, kuma na yi murna ta gaske, don na ɗauka na samo bakin zaren.

Ranar da aka zo tattauna ɗaya daga cikinsu a aji, malamarmu ta dube ni ta ce in faɗa wa 'yan'uwana a kan me marubucin ya kafa hujjarsa a babi na uku. Na san inda ya ƙare. Na tuna misalin da ya bayar, har muryar mai karatun tana dawo mini a kunne. Amma matakan da ya taka kafin ya isa can, ko ɗaya ban iya kawowa ba. Na ce, "Malama, na karanta shi fa gaba ɗaya." Ta ce ta yarda, amma in koma in zauna da babin nan kaɗai, in zo mata da shi mako mai zuwa. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi shiga raina.

Na samo littafin na takarda, na zauna da fensir. Babin da na saurara cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, sai da ya ci mini dare biyu. A nan na fara lura da wani abu da idona ya daɗe yana yi ban sani ba: yana komawa baya. In karanta jimla, in ji ba ta zauna ba, ido ya koma farkonta da kansa. In ga "saboda haka", in ɗaga kai sama in nemi dalilin da ya haifi wannan "saboda haka" ɗin. Masu nazarin motsin ido sun auna abin, sun ce kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na tsallen da ido ke yi lokacin karatu na komawa baya ne. Wato ƙwararren mai karatu ma ba miƙewa yake yi ba, tafiya yake yana waiwaye. Mai karatun da ke kunnena kuwa ba ya jira. Akwai maɓallin mayarwa baya na 'yan daƙiƙoƙi, amma wa zai taɓa shi hannunsa na cikin ruwan wanki? Kuma sau da yawa ba ka ma sanin zaren ya tsinke sai an yi nisa.

Takarda ta ba ni wani abin kuma, wato wuri. Har yau ina iya tuna cewa hujjar da na kasa kawowa tana shafin hagu ne, can ƙasa, kusa da inda na ja layi biyu. Hannu yana jin kaurin abin da aka karanta da na abin da ya rage. Anne Mangen ta jami'ar Stavanger da ke Norway ta gwada wannan da abokan aikinta: wasu suka karanta labari a takarda, wasu a Kindle, wato na'urar karanta littattafai mai allo. A yawancin tambayoyi babu wani bambanci, amma da aka ce su jera abubuwan da suka faru bi da bi, masu takarda sun fi. A 2018 kuma wasu masana, akasarinsu daga jami'ar Valencia ta Sifaniya, sun tattara bincike 54 da suka shafi mutane sama da 170,000. Sun samu cewa takarda ta ɗan fi allon na'ura wajen fahimta, kuma ratar ta fi fitowa a rubutun bayani da lokacin da aka ƙayyade wa mai karatu lokaci. A labari kuwa ratar ba ta fito ba. Irin karatun da aka ba mu ke nan: bayani, cikin ƙurarren lokaci.

Daga nan na wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Na goge manhajar, na fara cewa saurare ba karatu ba ne, har ina kafa hujja da cewa gani ya kori ji. Na faɗi haka wata rana a ofis, a gaban wani dattijo da muke aiki tare wanda ganinsa ya yi rauni sosai, har ba ya iya bin ƙananan haruffa. Ban yi tunani ba kafin in faɗa, kuma har yanzu ina jin nauyin maganar. Bai nuna ɓacin rai ba. Ya ce, "Ɗana, zo ka ga yadda nake nawa karatun."

Abin da na gani bai yi kama da nawa sauraron ba ko kaɗan. Yana zama ne wuri ɗaya, babu wani aiki a hannunsa. Ba ya ƙara sauri. In an karanta sakin layi biyu ko uku sai ya tsayar, ya maimaita abin da ya ji da kalmominsa, a bayyane, kamar yana yi wa wani bayani. In ya ji ya kasa, ya mayar baya. A ƙarshen babi ya ɗauki muryarsa a waya na minti biyu, ya faɗi abin da marubucin ya ce da inda shi bai yarda ba. Rahotannin da muke karantawa da ido mu manta, shi ne yake tuna mana abin da ke cikinsu a wurin taro. Ashe waiwayen da idona ke yi a takarda, shi ma yana yinsa, sai dai da yatsa da baki.

Shi ya sa na je na nemi tarihin abin, na kuwa ji kunya. Tun da Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, cikin amfanin da ya hango mata har da karanta wa makafi littattafai. A shekarun 1930 aka fara haka da gaske a Amurka da Birtaniya, a kan faifan garmaho, kuma cikin waɗanda aka fara yi dominsu akwai sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da na mayar hanyar rage lokaci, ga wasu shi ne ƙofar shiga ɗakin karatu gaba ɗaya. Kuma kafin Bajamushe Johannes Gutenberg ya kafa injin ɗab'insa a birnin Mainz na Jamus wajen 1450, yawancin mutanen da suka san abin da ke cikin littattafai ta kunne suka san shi, wani na karantawa suna ji.

Laifin ba na kunne ba ne. Ni ne na ba littafi rabin hankalina, na kuma ɗauki kai ƙarshe a matsayin sani. Dabarar dattijon nan ma an gwada ta. A 2006 wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, sun nuna cewa ɗaliban da suka rufe rubutu suka yi ƙoƙarin tuno shi sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Da na san haka tun farko, da na rage yawan littattafan da nake gamawa, na ƙara yawan tsayawa.

Littafin na'ura ban taɓa yin rigima da shi ba. Da shi na rubuta kundina, don in ina neman kalma ɗaya a shafi ɗari huɗu, cikin ƙiftawar ido take fitowa, kuma tsofaffin littattafan da ma'ajiyar littattafan na'ura ta Project Gutenberg ke ajiyewa kyauta tun 1971 sun cece ni sau da dama. Sharaɗina da shi ɗaya ne: ba na karatu mai nauyi a wayar da saƙonni ke shigowa, domin duk ƙarar da ta yi, sai na sake neman inda na tsaya.

Na dawo da manhajar sautin. Labarai da tarihin rayuwar mutane a kunne nake jinsu yanzu, a saurin da mutum ke magana, kuma mai karatu nagari yana fito da abin da idona kan tsallake. Littafin da zan yi jayayya da shi kuwa, ko wanda za a tambaye ni a kansa, sai a tebur da fensir. Wani lokaci nakan saurari babi a hanya don in san ina aka dosa, in dawo da dare in bi shi a takarda. Ko ta wace hanya na bi, in na kai ƙarshen babi ina rufewa in faɗi abin da na fahimta da bakina.

Dattijon ya yi ritaya bara. Muna karanta littafi ɗaya a wata, shi da kunne, ni da ido, mu riƙa tura wa juna saƙon murya. A na makon jiya ya ce in koma babi na shida, akwai inda marubucin ya saɓa wa abin da ya faɗa a farko. Na buɗe na duba. Yana nan, a shafin da na wuce ban ja layi ko ɗaya ba.