Daga Milngavie Zuwa Fort William a Ƙafa, Mu da Yara

Hanyar West Highland Way a tsakiyar kasuwa take farawa. A Milngavie, wani ƙaramin gari da ke bakin Gilasgo ta arewa, akwai ginshiƙin dutse a tsaye tsakanin kantuna, mutane na giftawa da ledojin cefane ko kallonsa ba sa yi. Nan ne mafari. Ƙarshenta Fort William, kilomita 154 daga nan, a gindin dutsen Ben Nevis. A 1980 aka buɗe ta, kuma ita ce doguwar hanyar ƙafa ta farko da hukuma ta shata a Sikotland. Mun daɗe a Gilasgo muna jin labarinta a bakin abokan aikin maigidana, sai bana, da aka ba yara dogon hutu, ya ce mu ma ai ƙafa gare mu. Mu huɗu muka fita: ni da shi, da babbar 'yarmu da ke sakandare, da auta.

Sharaɗi biyu na kafa tun a gida: ba zan kwana a tanti ba, ba kuma zan goya kaya ba. Duka biyun an biya mini. Akwai masu motoci da sana'arsu ke nan, su ɗauki jakarka da safe su ajiye maka ita a masaukin da za ka kwana, kai kuma ka tafi da ƙaramar jakar baya mai ruwa da guzuri da rigar ruwa. Masaukin ne sai an kama tun da watanni, domin wasu wuraren da ake yada zango gidajensu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Yinin farko babu abin faɗa sosai: gonaki, shingaye, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka cire wa dogo, har Drymen. Ƙofofin ne kawai suka tsaya mini a rai. Kana tafe sai ka tarar da ƙofa a jikin shinge, ka buɗe, ka shiga makiyayar mutumin da ba ka sani ba, tumakinsa na bin ka da kallo, ka rufe masa ƙofarsa ka wuce. Ba mai ce maka wa ya aiko ka. Wata doka ta 2003 ce ta ba kowa damar ratsa yawancin filaye da dazuzzukan Sikotland a ƙafa, muddin bai yi ɓarna ba, bai kuma shiga farfajiyar gida ko tsakiyar shuka ba. Ko a Ingila da ke maƙwabtaka abin bai kai haka ba.

Daga kan Conic Hill muka fara hango Loch Lomond, tafkin da ya fi kowane faɗi a tsibirin Birtaniya. Tudun bai wuce mita 361 ba, amma ya isa ka ga tsibiran tafkin a jere, ɗaya na bin ɗaya. 'Yarmu, da ta yi darasin a makaranta, ta ce jerin ba banza ba: tsagin ƙarƙashin ƙasa da ya raba tuddan arewa da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar kudu ne ya bi ta nan, tudun da muke tsaye da tsibiran duk a kansa suke. Abbansu ya ce ashe kuɗin littattafai bai faɗi ƙasa ba.

A taswira bakin tafkin ne ya fi ko'ina kama da sauƙi, tunda babu wani hawan kirki. Kada ka yarda. Daga Inversnaid zuwa wutsiyar tafkin ta arewa, hanyar ba ta fi mutum ɗaya ba. Saiwoyin itatuwa sun nannaɗe ta, duwatsu a jiƙe suna santsi, wani wurin sai ka dafa da hannu ka ja jiki, ruwa na can ƙasa ta hagunka. Akwai awakin daji a wurin, kuma tun kafin ka gan su warin bunsuru ya riga ya yi maka sallama. Auta kam nan ne ya samu yadda yake so. Ya wuce gaba yana tsalle, yana waiwayowa.

"Mama, ki sa ƙafarki inda na sa tawa."

"To, Auta. Kai dai bi a hankali, gwiwata ba irin taka ba ce."

A wannan yinin diddigena ya yi bororo, kuma a nan muka san ƙwarin da 'yan ƙasar ke kira mijis. Ba su kai ƙwayar gero ba. Ba sa kuka irin na sauro, ba kuma ɗaya ɗaya suke zuwa ba. Gajimare guda ne ke sauko maka. Matan ne ke cizo, kuma kakarsu daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin hutun yara. Muddin kana tafiya ba ruwansu da kai, haka idan iska na kaɗawa. Tsayuwa ce laifi. Mu kuwa dole mu tsaya, tunda ko an yi ƙasaru an haɗa Azahar da La'asar, sallah ba a yin ta a guje.

Mun sami wani ɗan rafi a ƙarƙashin itatuwa. Ruwansa ja-ja ne kamar shayin da ba a sa wa madara ba, saboda baƙar lakar da ya ratso, ga sanyi har cikin haƙori. Na zauna a kan dutse na kwance igiyar takalmi, na zare safa a hankali don kada ta tafi da filasta. Kafin in gama wanke fuska sun rufe mini goshi da bayan kunne, suna shiga ta ƙarƙashin hijabi. Abbansu ya ja mu sallah da gajerun surori, kowa da raga a kansa har wuya. Da muka sallame sai muka ga wani dattijo da karensa a tsaye can gefe. Ashe shimfiɗarmu ta cinye hanyar, shi kuma ya ƙi ratsawa ta gabanmu, ya tsaya ƙwarin na cinsa. Da muka ba shi haƙuri ya yi dariya, ya ce gobe mu nemi kan tudu inda iska take, mu bar musu inuwa da bakin ruwa. Shawarar da ta fi kowace amfani a duk tafiyar ke nan. Ta biyu ita ce duba jikin yara kowane dare saboda kaska, don akwai ta a cikin ciyayin, kuma tana sa ciwo.

A Inverarnan akwai wani tsohon masauki, Drovers Inn, da ke nan tun 1705, wanda masu koro shanu ke yada zango a cikinsa. A nan na gane cewa yawancin hanyar da muke bi daga nan zuwa arewa burtali ce. Mutanen tuddai arzikinsu shanu ne, kuma kowace kaka sai a koro garke garke a ƙafa, makonni ana tafe, zuwa manyan kasuwannin Crieff da Falkirk, inda fatake daga Ingila ke jira. Jirgin ƙasa ne ya kashe sana'ar a ƙarni na 19. Duk wanda ya san yadda gonaki suka cinye burtalin da ya tashi yana gani a garinsu, zai jinjina cewa wannan dai shanun sun ɗauke ƙafa, amma an bar hanyar a buɗe.

Bayan Crianlarich, wanda shi ne kusan rabin tafiya, sai Tyndrum. A nan ake cika jaka, domin daga nan babu kantin kirki sai Kinlochleven. Maganar abinci kuwa, mun taho da dambun naman da na yi a gida, da dabino da gyaɗa da garin rogo. A masauki karin kumallonsu naman alade ne kan gaba, sai mu ce a ba mu ƙwai da wake da kunun hatsinsu, wanda wasunsu gishiri suke sa wa maimakon sukari. Da dare kifi da soyayyen dankali, bayan an tambaya ko an kwaɓa fulawar da giya, don wasu wuraren haka suke yi.

Gadar Bridge of Orchy sojoji ne suka gina ta wajen 1751, ƙarƙashin Manjo Caulfeild. Bayan tawayen 1745 gwamnatin Landan ta ƙara shimfiɗa hanyoyi a tuddan don sojojinta su iya isa ko'ina da wuri. To, hanyar hutun nan ta shanu ce da soja.

Daga Inveroran ake shiga Rannoch Moor, kuma don shi na rubuta wannan labarin. Dausayi ne da ya kai murabba'in kilomita 130, a kan tudu, duwatsu sun kewaye shi. Babu gida, babu gona, itace ma sai jefi-jefi. Laka ce baƙa ta ruɓaɓɓun tsirrai da ta taru shekaru dubbai, da ƙananan tafkuna birjik, da wata gajeriyar ciyawa mai kauri da ta fara fitar da fure shuɗi-ja. Hanyar da ta bi gefensa ta injiniya Thomas Telford ce, ta farkon ƙarni na 19, kuma ita motoci ke bi har farkon shekarun 1930 da aka yi sabon titi. Daɓen duwatsu ne dunƙule-dunƙule, masu cin tafin ƙafa. Auta ya sauka daga kanta taku biyu don ya gwada, ya caka sandarsa a ƙasa, sandar ta shige fiye da rabi ba tare da ya danna ba. Ya dawo da gudu, bai sake ba.

Kusan kilomita 16 ne zuwa Kingshouse, kuma babu inda za ka raɓe idan sama ta juya. Ta kuwa juya. Muna kan gadar wani kogi da ake kira Ba muna cin dabino rana na haskawa, kafin mu rufe jaka ruwa ya taho a kwance, iska na turo shi ta gefe. Muka sa rigunan ruwa muka jeru, Abbansu a gaba, yara a tsakiya. Bayan ɗan lokaci ya ɗauke kamar ba a yi ba, tururi na tashi daga kafaɗunmu.

Abin da ya dame ni a wurin ba ruwan ba ne. Ni ban saba da dajin da za ka yi yini ba ka ga hayaƙi ba, ba ka ji kukan zakara ba, ba ka gamu da mai itace ka ce masa sannu da aiki ba. Duk wanda muka gamu da shi baƙo ne irinmu, da jaka a baya: Jamusawa, 'yan Holan, Amurkawa. Shi dausayin dama bai taɓa zama wurin zama ba. Amma kwaruruwan da muka ratso kafinsa da bayansa, masu ciyawa da ruwa, a da akwai mutane a cikinsu. Daga wajen tsakiyar ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19 masu filaye suka riƙa tashin talakawa daga tuddan Sikotland don su zuba tumaki, saboda tunkiya ta fi ɗan haya kawo kuɗi. Wasu aka tura su bakin teku, wasu suka gangara birane, da yawa suka hau jirgin ruwa zuwa Kanada da Amurka da Ostireliya. Daga baya aka mayar da filaye da dama wurin farautar masu hali. Masu ɗaukar hoto suna yabon wurin da cewa ɗan Adam bai taɓa shi ba. A ganina an taɓa shi, taɓawa mai zafi ma kuwa.

A Kingshouse bareyi manya, masu ƙaho mai rassa, suna zuwa har bakin masauki, ba sa tsoron kowa. Gabanka kuma ga Buachaille Etive Mor a tsaye, baƙin dutse mai tsini da ya haura mita 1,000, yana gadin ƙofar kwarin Glencoe. A kwarin nan ne, a watan Fabrairun 1692, sojojin gwamnati suka kashe sama da mutum 30 na zuriyar MacDonald, bayan sun yi kusan mako biyu a gidajensu suna cin abincinsu. Da na ba yara labarin, 'yarmu ta ce, "Mama, baƙi fa?" Na ce baƙi. Har yau abin da ya fi ci wa mutanen ƙasar rai a labarin ke nan, cin amanar mai masauki.

Devil's Staircase, wato Matattakalar Shaiɗan, sojojin da suka sha wuyar gina ta ne suka raɗa mata sunan. Nan ne ƙololuwar hanyar, wajen mita 550, kuma tsoron da ake ba mutane a kanta ya fi ta girma. Hawa ne mai lanƙwasa, ka huta ka ci gaba. Gangarar da ke bayanta ce mugunya, doguwa, ta ƙi ƙarewa, gwiwa na ƙara, kana hango rufin gidajen Kinlochleven amma ba sa matsowa. A ƙarshe hanyar ta bi gefen wasu manyan bututu da ke sauko da ruwa daga madatsar Blackwater. An gina madatsar daga 1905 zuwa 1909, yawanci da ƙarfin hannun leburori, don samar da lantarki ga masana'antar narka alminiyam da ke garin. An rufe masana'antar a 2000, amma ruwan na nan yana ba da wuta, garin kuma yanzu da masu tafiyar ƙafa yake cin abinci.

Zangon ƙarshe kilomita 24 ne ta wani faffaɗan kwari, Lairigmor, inda kangon wani gidan dutse ke tsaye ba rufi, tumaki na kiwo a ƙofarsa. Ben Nevis, mai mita 1,345, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Birtaniya, bai yarda mun ga kansa ba. Gajimare ya rufe shi, kuma an ce yawancin kwanakin shekara haka yake. Daga nan sai kwalta, sai motoci, sai babban titin Fort William, inda aka ajiye mutum-mutumin wani matafiyi a kan benci yana murza ƙafarsa. Sai da muka bi layi kafin mu sami wurin ɗaukar hoto kusa da shi.

Jirgin ƙasa muka hau muka koma. Layin, wanda aka buɗe a 1894, ya ratsa ta gabashin Rannoch Moor, kuma da yake lakar na haɗiye duk abin da aka zuba mata, a kan shimfiɗar rassa da saiwoyi da ƙasa da toka aka ɗora dogon. Ya tsaya a Corrour, tashar da babu titin mota da ke zuwa gare ta, wasu mutum biyu suka sauka da jakunkuna suka nufi daji. 'Yarmu ta bi su da ido ta taga.

"Abba, baɗi mu sauka a nan."

"Ki tambayi Mamanki."

Na ce a bari tukuna farcen babban yatsana ya yanke shawarar zama ko tafiya. Bai kai awa huɗu ba muka shiga Gilasgo.