Kiɗan Fanny Hensel da ya hana ni barci

Jiya da daddare wuta ta ɗauke, na sa iyafis ina kwance a tabarma, sai na kunna wani kiɗan goge huɗu na Turawa da Fanny Hensel ta rubuta a Balin a 1834, wallahi har yanzu yana min yawo a kai. Goge biyu sirara, ɗaya matsakaici, sai babban nan mai murya kamar ta dattijo.

Ita fa yayar Felix Mendelssohn ce, marubucin kiɗan nan na Jamus, shi kowa ya san shi, ita kuwa babansu ya rubuta mata tun 1820 cewa kiɗa a wurinta ado ne kawai, sana'a ta ƙaninta ce. Amma duk da haka ta rubuta kiɗa sama da 400, yawanci a gidansu aka riƙa jin su ranar Lahadi.

Abin da ya kama ni shi ne yadda ta fara a hankali, a sanyaye, ba irin buɗewar da aka saba da ƙarfi ba, kiɗan yana ta sauya hanya kamar mai neman gida cikin duhu, shi ma Felix sai da ya yi ƙorafi kan wannan. Ni kam wurin ne ma ya fi min daɗi. Kashi na uku na kiɗan kuwa, mai suna Romanze, tsakiyarsa ya sa tsigar jikina ta tashi, na maimaita shi sau uku.

Ta rasu a 1847, ba a wallafa wannan kiɗan a takarda ba sai 1988. Abin ya ba ni haushi sosai.