Ruwan da ya shiga ƙwaƙwalwar motata

Ana cikin kiran assalatu maƙwabcina ya buga mini ƙofa. "Malam, ka bar fitilar motarka a kunne." Na fito da makulli a hannu, na tarar da 307 ɗina a inda na ajiye ta, ƙofar gida nan Fadaman Mada, ƙananan fitilunta na ci, alhali da hannuna na kashe komai na kulle ta bayan isha'i. Na buɗe, na murɗa makunnin na mayar, suka mutu. Ina juyawa zan nufi masallaci sai na ji ƙas, ƙofofi sun kulle kansu, suka sake buɗewa. Farkon Agusta ne, ruwa na sauka a Bauchi kusan kullum.

Motar Peugeot ce ƙirar 2006, ta yayana ce, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado na biya kuɗinta aka zuba wa marayu, na riƙe ta. Da ita nake kai su makaranta tare da nawa, da ita nake kai maganin dabbobi kasuwannin Alkaleri da Darazo. Abin da ya taɓa ta ni ya taɓa.

Cikin kwana goma abu ya yi gaba. Waifa ta tashi da kanta da rana tsaka a shataletalen Wunti, ba ko ɗigon ruwa, ta yi ta kankare busasshen gilashi har sai da na kashe mota. Gilashin ƙofar direba yau ya sauka, gobe ya ƙi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne batir: mota ta kwana biyu ba a tashe ta ba, sai turi. Na ce tsufa ne, na sayi sabo mai lamba 60. Kwana biyu shi ma ya kwanta.

Mai wayarin da na fara zuwa wurinsa ko mita bai ɗauko ba. Ya saurare ni, ya ce birenbos ne, wato ƙwaƙwalwar mota, amma akwai hanya mai sauƙi: zai yanke wayar waifa da ta fitila, ya ja musu sabuwa dairek daga batir, ya ɗaura mini makunni biyu a ƙarƙashin sitiyari. Na ce zan yi shawara. A raina ban yarda ba, domin ko waifa ta daina tashi, me zai hana batirin ci gaba da tsiyayewa? Kuma na taɓa ganin motar da wayar dairek marar fis ta cinna wa wuta. Marayu nake ɗauka a cikin wannan.

Wani abokin kasuwancina ya kwatanta mini wani gareji a hanyar Jos. Mai wurin dattijo ne mai tabarau, da tsohuwar kwamfutarsa a kan benci da yaro ɗaya. Na ce masa, "Oga, an ce birenbos ne." Ya ce, "Wanne daga ciki, Malam?"

A nan na fara koyon abin da shekara da shekaru ina tuƙi ban sani ba. In mutane suka ce birenbos, na inji suke nufi, mai raba mai da wuta. Amma akwai wani akwatin daban mai kula da jikin mota: fitilu, sigina, waifa, gilasai, makullan ƙofa, fitilar ciki, har da tantance makulli. Yawancin kamfanoni BCM suke ce masa, Peugeot kuwa BSI. A tawa yana ƙasan dashbod ta hagu, daidai gwiwar direba, fis-fis na jere a jikinsa. Oga ya ce a 504 irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, in ka danna makunni, wutar ce da kanta ke bi ta cikinsa ta tafi fitila, waya ɗaya aiki ɗaya. A wannan kuwa makunni saƙo kawai yake aikawa. Saƙon ya bi wasu wayoyi biyu murɗaɗɗu, tsarin da ake kira CAN wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986, ya isa BSI. Shi ne zai duba ya yanke hukunci, sannan ya umarci akwatin fis na cikin bonet ya saki wuta. To in mai hukuncin ya ruɗe, sai ka ga waifa na aiki ba wanda ya aike ta.

Na ce to a canza shi mana. Ya girgiza kai. "Ba zan ce shi ne ba sai na kore sauran. Batir mai rauni yana kawo wannan haukan. Wayar da ke ɗaure a jikin bodi in ta yi tsatsa tana kawowa. Makunnin bayan sitiyari ma yana kawowa."

Ya sa aka caja batirin, ya auna, mita ta nuna 12.6. Aka ta da mota ta nuna 14.2, wato altaneto na caji daidai. Ya kwance wayoyin da ke ɗaure a bodi ya goge ya mayar. Ya jona kwamfuta a soket ɗin nan mai rami 16, wanda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996, masu shan fetur na Turai kuma tun 2001. Ya ce ƙaramar na'urar da ake yawo da ita a aljihu galibi da inji kaɗai take magana, shi ya sa za ta ce maka mota lafiya lau. Tasa manhajar Diagbox ce, tana bin akwatunan ɗaya bayan ɗaya. A allon ya nuna mini: makunnin waifa yana cewa a kashe yake, amma BSI na ba da umarnin a yi shara. Makunni ya kuɓuta ke nan.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na barci. Motar zamani barci take yi. In ka kashe ta ka rufe, bayan 'yan mintuna akwatunan su yi shiru ɗaya bayan ɗaya, wutar da take sha ta sauka ƙasa da amfiya 0.05. Oga ya tura harshen makullin ƙofa da sukudireba don mota ta ɗauka a rufe take, ya sa mita tsakanin batir da wayarsa, ya ce kowa ya ja baya. Muka zauna a benci rabin awa muna kallon lamba. Ta sauka zuwa 0.9 ta tsaya cak. Ya ce in yi lissafi. Na buga 0.9 sau awa 48, ya ba ni 43 da ɗoriya. Batir mai 60 da aka zuƙe wa 43, da me zai juya kik? Ashe batirina na farko ma lafiyarsa ƙalau.

Sai ya kwance murfin ƙasan sitiyari, ya jira mintuna uku bayan kashe mota kafin ya cire kan batir (ya ce wannan jiran wajibi ne a irin waɗannan motoci, don akwatin ya gama adana bayanansa), ya zaro soket na farko ya miƙo mini. Ƙafafun tagullar sun yi kore shar, irin koren da ke fitowa a tsohon kwabo, da wani farin gari a gindinsu. Ya matsa kafet ɗin wurin da yatsa, ruwa ya taso. "Malam, an taɓa canza gilashin gaban nan?" An canza, a watan Maris, bayan dutse ya fasa shi a hanya. Lokacin rani ne, ba abin da zai tona aikin.

Ya kwanta rigingine da tocila a baki, ya ce yaron ya cika buta ya riƙa zubawa a hankali daga saman gilashi ta gefen direba. Buta ta farko shiru. Ta biyu ta kai rabi sai ya kira ni in leƙo. Ɗigo ne guda ya sulalo ta bayan roba, ya bi damin wayoyi kamar tururuwa a kan igiya, ya rataya a ƙarshe, ya faɗa daidai inda soket ɗin yake zama. Wani ya biyo shi. Mai sa gilashin bai cika gam a wannan kusurwa ba. Oga ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da na sa maka sabon akwati jiya, kafin ƙarshen damina ka dawo."

Bai yi saurin yanke ƙauna da tsohon ba. Ya buɗe shi ya wanke allon da sifirit da buroshin haƙori, ya shanya. Lambar ta sauka zuwa 0.4, ƙofofi suka ci gaba da ƙas-ƙas. Da gilashin ƙara girma ya nuna mini siraran layukan tagulla biyu da tsatsa ta cinye. Sai canji.

Canjin ma ba cire-ka-sa ba ne. A cikin makullin mota akwai wata 'yar ƙwaya, BSI ne ya san ta, shi ke shaida wa birenbos na inji cewa makullin na gida ne. Ka sa baƙon akwati, kik zai juya amma mota ba za ta tashi ba. Ko dai ka sayi sabo fil wanda ba a rubuta masa komai ba, a koya masa motar da lambar sirri mai harafi huɗu da ke zuwa a kati tare da sabuwar mota, katin da ban taɓa gani ba. Ko ka sayi saiti, birenbos da BSI da makulli duk na mota ɗaya. Ko kuma ka samo Beljiyam mai lamba iri ɗaya da naka, a kwafe masa bayanan tsohon. Na ukun aljihuna ya iya. Muka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin akwatin muka tura Ƙofar Ruwa a Kano ta WhatsApp, bayan kwana uku direban haya ya kawo.

Na ƙagu, na ce a jona a gani ko yana aiki. Oga ya riƙe hannuna. A waɗannan motoci kilomita a wuri biyu take rubuce, a agogon dashbod da cikin BSI, kuma in suka saɓa, babbar lamba ce ke ci, ba ta komawa. Tawa tana 214,000. Da ya karanta na Kano a kan benci, 301,000 ya gani. Da an jona, shi ke nan motar yayana ta ƙara tafiyar da ba ta yi ba. Ya ɗaga wata 'yar baƙar ƙwaya mai ƙafa takwas daga tsohon allon, Allah ya sa ruwa bai kai gare ta ba, ya karanta abin da ke ciki, ya adana kwafi biyu, ya rubuta a ta sabon. Ya canza ƙafafun soket ɗin da suka ci, ya mayar da komai. Murɗa ɗaya ta tashi, da makullina na da.

Bai bar ni na tafi ba sai da aka kira wani mai gilashi ya cire gilashin gaba ɗaya, ya kankare tsohon gam, ya sa sabo, mota ta kwana a garejin. Washegari yaron ya juye buta huɗu, tocila ba ta ga komai ba. Muka sake zaman benci. Cikin minti goma mita ta sauka 0.03.

Daren Alhamis da ta wuce aka kwana ana ruwa. Da safe kafin yara su fito na durƙusa na cusa hannu ƙarƙashin dashbod, na shafa kafet, na shafa wayoyin, a bushe. Muna kan hanyar makaranta yayyafi ya dawo, na taɓa makunni, waifa ta share sau ɗaya ta koma ta kwanta.