Tsalle muke fara gyarawa kafin mu zana komai

Ƙaramin kamfani ne namu, kuma sana'armu ɗaya ce: wasannin bidiyo na gudu da tsalle, irin wanda ɗan jarumi ke falfala gudu daga hagu zuwa dama, yana dira daga wannan dandamali zuwa wancan, ƙaya a ƙasa, rami a gaba. Sau da yawa mai son a yi masa aiki zai zo ya ce ai maɓalli biyu ne kawai, gudu da tsalle, me zai ɗauki lokaci? Duk wanda ya faɗi haka bai taɓa zama ya haɗa ɗaya da hannunsa ba.

Ina ɗalibi na shiga wannan harka, a aikin kammala karatu. Malamin da ya duba ni bai bar ni na taɓa kwamfuta ba sai da na kawo masa tsarin wasan a rubuce: wane ne jarumin, me yake iya yi, me ke kashe shi, kuma me zai sa mutum ya sake gwadawa bayan ya faɗi. Ya sa na zana matakan farko a takarda mai ƙananan gidaje, kowane gida yana matsayin tubali ɗaya na ƙasar wasan. Ba shi ya ƙago wannan ba. Haka Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa a Nintendo suka zana matakan Super Mario Bros. da ya fito a 1985, a takarda, kafin a shigar da su na'ura. Har yau duk wanda ya shigo aiki wurinmu, fensir da takarda muke fara miƙa masa.

Bayan takarda sai akwatin toka. Babu zane, babu kiɗa, babu labari: ɗan murabba'i ne mai launin toka yake gudu a kan wasu murabba'an. A nan ainihin sana'ar take. Ba ma zaɓar ƙarfin tsalle da ka. Mukan fara yanke shawara cewa jarumi zai kai tsayin tubali nawa, kuma cikin lokaci nawa zai isa ƙololuwa, sannan lissafi ya ba mu sauran: ninki biyu na tsayin, a raba da lokacin, shi ne saurin tashi, a sake rabawa da lokacin, shi ne ƙarfin da ke jawo shi ƙasa. Sai mu ƙara nauyin saukowa ya fi na tashi, don kada ya riƙa shawagi kamar audugar rimi. Wanda ya taɓa maɓalli ya saki zai yi ɗan gajeren tsalle, wanda ya danne ya riƙe zai yi dogo. Da zarar mun san iyakar nisan tsalle, kowane rami a wasan da shi ake auna faɗinsa.

Akwai kuma abubuwan da ɗan wasa ba ya gani amma hannunsa yana ji. Wasa mai sauri yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya, wato kowane hoto bai kai kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa ba. Idan mutum ya danna tsalle bayan ƙafar jarumi ta bar bakin dandamali da hoto huɗu ko biyar, mukan karɓa masa. Idan ya danna kafin ya gama sauka, mukan riƙe masa umarnin har ƙafa ta taɓa ƙasa. Idan kansa ya gogi kusurwar tubali da ɗan ƙanƙanin abu, mukan zame shi gefe ya wuce. Masu Celeste, wanda ya fito a 2018, sun bayyana a fili cewa wasansu cike yake da irin wannan rangwame, kuma shi ya sa duk da wahalarsa mutane ba sa jin an zalunce su. Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa game da wannan wasa shi ne asalinsa: Maddy Thorson da Noel Berry sun haɗa samfurin farko cikin kwana huɗu a manhajar haɗa ƙananan wasanni ta PICO-8, ƙaramin abu, amma tsallen ya riga ya zauna.

To, a nan ne masu kwaikwayo suke ƙona mini rai. Mutum zai sayi wasa haɗaɗɗe a intanet, ya sauya hoton jarumi, ya cika shi da talla, ya ɗora a Play Store cikin mako guda. Hoto suke iya kwafa. Ka riƙe wasan minti biyu, za ka ji jarumin yana santsi, tsalle yana makara, kana mutuwa ba ka san laifinka ba. Daga baya abokin ciniki ya kawo maka wannan a waya ya ce ga wani ya yi cikin sauri, me ya sa kai kake jan lokaci? Nakan miƙa masa namu ne ya buga, ba tare da na ce komai ba.

Sauri kuma yana da nasa sharaɗin. Ɗan Adam yana buƙatar wajen rubu'in daƙiƙa kafin ya ga abu ya motsa yatsa. Idan jarumi yana cinye rabin allo a ƙasa da haka, to ƙayar da ke gaba ba gwaji ba ce, tarko ce. Shi ya sa kyamararmu ba ta tsayawa a kan jarumi, takan ɗan yi gaba zuwa inda ya nufa, kuma takan ƙara nisa idan gudu ya ƙaru. Sonic na Sega, a 1991, ya yi wannan gudu a allo mai faɗin ɗigo 320 kacal, sai suka ba shi zobba: muddin kana riƙe da ko ɗaya, bugun farko zobban zai watsar, ba ranka ba. Mu a wasanninmu wata hanya muka bi, irin ta Super Meat Boy na 2010: matakai gajeru, kuma idan ka mutu kana dawowa nan take, babu allon jira.

Sabon abu kuwa ba ma koyar da shi da rubutu. Dandamali mai rushewa, alal misali, za ka fara haɗuwa da shi a inda ƙasa take kusa, ka faɗi ba ka mutu ba. Na biyu a kan rami yake. Na uku yana zuwa tare da ƙaya. Kafin ƙarshen matakin kana yin abin da ka ɗauka ba zai yiwu ba.

Ɗalibai sukan tambaye ni wace manhaja za su fara da ita. Godot kyauta ce kuma tana da kyau ga wasa mai shimfiɗaɗɗen hoto (2D) irin namu, GameMaker da Unity ma suna yi. Amma nakan ce musu su rage buri: mataki biyar da aka goge sun fi hamsin da aka bari rabi da rabi, musamman ga mai jarabawa a gabansa. Kuma su ba wanda bai taɓa ganin wasan ba ya buga, su zauna a bayansa, su kame baki, su rubuta inda ya faɗi. Haka muke yi yanzu da sabon wasanmu. Yana matakin akwatin toka tukuna, kuma tsallen jikin bango ne muke ta gyarawa, domin masu gwaji suna cewa jarumin yana saurin zamewa kafin su danna.